"Ɗanɗanawa Kawai Za Mu Yi"

Cikin tambayoyin da samari suke kawo wa katikis bayan sujada, babu wadda take yawan komowa kamar ta giya. A dā tambayar gajeriya ce: shan burkutu zunubi ne ko kuwa? Yanzu ta sake riga. Saurayin da ya yi makaranta, yana aiki a tashar jiragen ruwa ko a wani ofis cikin gari, zai ce abokansa sun gayyace shi su je su ɗanɗana wata sabuwar giya. Zai ce ba buguwa za su yi ba, kuma ba irin giyar da aka saba ba ce. Masu sana'a biyu ne suka haɗa hannu suka dafa ta sau ɗaya, idan ta ƙare ta ƙare ke nan. Ana zuba wa kowa kaɗan, a shinshina, a kurɓa, a yi hira a kan ɗanɗanonta. Daga nan sai ya ce, "Malam, wannan ma laifi ne?"

Idan muka amsa masa da tsawa, zai tafi ya sha, ba zai ƙara tambayarmu kome ba. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba maganar da hankali.

Abin da yaron yake faɗi akwai shi. A Amurka da Turai akwai ƙananan gidajen dafa giya masu yawa, sukan kuwa ziyarci juna su dafa tukunya ɗaya tare, su sa sunayensu biyu a kan kwalba. A shekarar 2024 wani gwanin wannan sana'a mai suna Garrett Oliver, wanda ya cika shekara 30 yana aiki a kamfanin Brooklyn Brewery a birnin New York, ya gayyaci waɗansu kamfanoni su yi giya da acca. Cikinsu akwai manya kamar Guinness da Carlsberg, akwai kuma wani ƙarami na ƙasar Senegal mai suna Maison Kalao. I, accar nan da muka sani, wadda mutanen Filato suke gwate da ita, wadda Akposso na ƙasarmu Togo suke yi wa bikin girbi da ake kira Ovazu. Wani mai dafa abinci ɗan Senegal, Pierre Thiam, shi ne ya yi ta tallar acca a Amurka har ta kai ga tukwanen giya. A Nijeriya ma akwai ƙaramin kamfani mai suna Bature Brewery da yake irin wannan sana'a.

Ni dai da na fahimci abin sai na yi murmushi, gama iyayenmu mata sun daɗe suna yinsa. Matar Kabiye da take dafa cukutu, wanda mutanen Nijeriya suke kira burkutu, mutanen Gana su ce fito, na Burkina su ce dolo, ita ma da hannunta take yi, tukunya tukunya. Takan jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe har ta yi tsiro, ta shanya, ta kai niƙa, ta dafa, ta bar shi ya yi tsami, ta sāke dafawa, ta tace, sa'an nan ta zuba abin tashi daga na jiya. Aikin kwanaki ne, da hayaƙi, da ɗaukar ruwa da itace. Masu sha sun san hannun kowace mace, sukan ce na wance ya fi zaƙi, na wance ya fi ƙarfi. Kafin ka saya ma takan ɗiba maka kaɗan a ƙoƙo kyauta ka ɗanɗana. Ashe ɗanɗanawa ba Turawa suka kawo ta ba. Tambayar yaron nan tsohuwar tambaya ce, kwalba kawai aka sake mata.

Amma a Zongo muke, wannan kuwa yana ƙara wa maganar nauyi. Tsohon Zongo yana tsakiyar Lome ne, har gwamnati ta rushe shi a 1977, aka kwashe mutane zuwa arewacin gari, a bakin babbar hanyar da manyan motoci suke bi zuwa Burkina. Wanda ya fito daga Zongo zai shiga gari, zai wuce kamfanin giya na BB Lomé a Agoè, wanda aka kafa tun 1964. Wanda kuma ya nufi arewa zai tarar da Adétikopé, inda kamfanin SNB ya fara yin giyar Djama a 2020. Unguwar nan mai yawan masallatai tana zaune tsakanin gidajen giya biyu. Dokar Togo ba ta haramta giya ba, ba kamar Kano ba inda Hisba take farfasa kwalabe. Duk da haka maƙwabtanmu Musulmi addininsu ya haramta musu giya sarai, kuma da yawa cikinsu idan aka ce Kirista, abin da yake fara zo musu a rai shi ne mashayi. Mu da muke sujada da Hausa 'yan kaɗan ne a nan. Kowa ya san fuskar kowa. Idan ɗayanmu ya yi tangaɗi a kan hanya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi, "Ga Kiristan nan."

To, me Littafi Mai Tsarki ya ce? Ya kamata mu faɗi dukan abin da yake ciki, ko da bai yi wa wani daɗi ba. Mutum na fari da aka ba da labarin buguwarsa Nuhu ne, a Farawa sura 9, abin kuwa ya ƙare da tsiraici da la'ana a cikin gidansa. Labarin Lutu a sura 19 ya fi wannan muni. Karin Magana sura 23 ta zana mashayi kamar marubucin ya taɓa zama a rumfar cukutu ran kasuwa: jajayen idanu, raunuka waɗanda bai san inda ya same su ba, da gari ya waye kuma ya koma nema. Manzo Bulus ya hana buguwa a Afisawa sura 5, ya kuma lasafta ta cikin ayyukan jiki a Galatiyawa sura 5. A kan buguwa babu gardama ko kaɗan.

Amma Littafin nan ne kuma, a Zabura 104, ya lasafta ruwan inabi tare da mai da abinci cikin kyautan Allah. Alama ta fari da Ubangijinmu ya yi a Kana ta Galili, ruwa ya mai da ruwan inabi domin kada ango ya ji kunya. Na sha jin masu wa'azi suna cewa ruwan 'ya'yan itace ne marar sa maye. Wanda ya karanta maganar uban bikin a Yahaya sura 2 zai ga wannan bayani bai zauna ba. Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa. Yahaya Mai Baftisma bai taɓa sha ba tun daga ciki, Rekabawa na Irmiya sura 35 sun ƙi sha saboda umarnin kakansu, Allah kuwa ya yaba musu. Yesu ya ci ya sha tare da mutane har maƙiyansa suka yi masa sharri suka kira shi mashayi. Hanya biyu ke nan, Littafi bai la'anci ko ɗaya ba.

Me ya sa, to, ikilisiyoyi da yawa suka hana giya gaba ɗaya? Suna da dalili, kada mu raina shi. A zamanin da Jamus take mulkin Togo, daga 1884 zuwa 1914, barasa tana cikin manyan kayan da jirage suke saukewa a bakin tekun nan. 'Yan kasuwan Hamburg sun yi arziki da ita, garuruwa kuwa suka lalace. Shugaban mishan na Bremen, Franz Michael Zahn, wanda mutanensa suke aiki cikin Ewe, ya yi ta faɗa da wannan ciniki a shekarun 1880, har ya kara da babban attajirin nan Adolph Woermann. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka yarda a hana kai barasa yankunan da ba ta riga ta shiga ba, Arewacin Nijeriya kuwa ya shiga cikin wuraren da aka hana. Masu bishara da suka ga abin da kwalba ta yi wa mutane suka ce gara a rufe ƙofar ɗungum. Har yau 'yan'uwanmu na ECWA da na Assemblies of God a kan haka suke. Mu a Katolika ba a hana sha ba, amma Katikisma ta 1992, a lamba 2290, ta umarce mu mu guji wuce gona da iri, ta kuma ce wanda ya hau hanya a buge ya sa ransa da na waɗansu cikin hatsari ya ɗauki babban laifi. 'Yan zemijan namu su riƙe wannan, gama wanda suka goya bai sha kome ba.

Shinge abu ne mai kyau, wanda ya kewaye gonarsa ya yi hikima. Sai dai kada mu ce shingen da kakanninmu na bangaskiya suka kafa yana cikin Dokoki Goma. Idan muka koya wa yaro cewa Allah ya haramta abin da bai haramta ba, ranar da ya buɗe Littafi da kansa ya gano, zai fara shakkar sauran abin da muka koya masa.

Saboda haka ba zan iya ce wa saurayin nan kurɓa ɗaya zunubi ce ba. Amma maganar ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara.

Abu na fari, kalman nan "ɗanɗanawa" tana da santsi. Ban taɓa jin mashayin da ya ce ya fara ne da niyyar zama mashayi ba. Ƙoƙon kyauta da mai cukutu take bayarwa, ta san abin da take yi, ba sadaka ba ce. Sabuwar giyar ma haka take. Sunan kirki da kwalba mai ado ba su cire abin sa maye daga cikinta ba, wata ma ta fi ta kamfani ƙarfi. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya ko kaɗan, a rahotonta na 2024 kuma ta ce mutum wajen miliyan 2.6 suka mutu a shekarar 2019 ta dalilin giya. Wannan ba ya mai da sha zunubi, sukari ma yana kisa. Amma wanda ya ce kaɗan ba kome, ya san likitoci ba su goyi bayansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne teburin kansa. Zaman abokai yana da dokarsa wadda ba a rubuta ba. Wannan ya saya wa kowa, wancan ya rama, na uku ba ya so a ce shi marowaci ne. Mutum biyar, zagaye biyar. Wanda ya zo da niyyar kurɓa ɗaya ya tarar tashi ya zama cin fuska. Kuma a cikin biyar ɗin nan sau da yawa akwai ɗaya wanda giya ta riga ta kama, ko wanda ubansa ya mutu a kanta, ko wanda ya yi wa matarsa alkawari jiya da dare. Ba zai faɗa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Huɗu za su koma gida lafiya su manta, shi kuwa zai tsaya a wata rumfa a kan hanya. Wannan shi ne ɗan'uwa rarrauna da Bulus ya yi magana a kansa a Romawa sura 14 da 1 Korantiyawa sura 8, wanda Almasihu ya mutu dominsa. Bulus ya yarda cewa naman da ake gardama a kai ba shi da laifi, duk da haka ya ce a shirye yake ya bar nama muddin ransa saboda mutum ɗaya. Annabi Habakuk kuma a sura 2 ya yi kaito ga mai ɗura wa maƙwabcinsa abin sha. Mu a nan ɗurawa da baki muke yi: "Haba, kai mace ce?" "Ɗan kaɗan dai, don zumunci." Wanda ya faɗi irin wannan ga mutumin da ya ce a'a, laifinsa ya fi na mai sha, ko da shi kansa bai bugu ba.

Ba ina cewa zaman abokai mugun abu ba ne. Namiji yana bukatar inda zai zauna ya yi dariya, ya faɗi abin da yake damunsa. A ƙauyukan arewa da cukutu ake gayya, da shi ake sulhunta masu faɗa, da shi ake karɓar baƙo lokacin kokawar Evala a Kara. Wanda ya ƙi zama da mutane domin tsarki, bai yi kama da Ubangijinsa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ka je, ka ce a ba ka lemo, ka ga yadda fuskoki za su yi. Idan hira ta ci gaba kamar yadda take, kana da abokai. Idan kuwa aka fara yi maka ba'a har ka gaji, ka san abin da ya tara su.

Sai maganar maƙwabcinmu Musulmi. A nan masu wa'azi sukan yi kuskure su kira shi ɗan'uwa rarrauna. Alhajin da yake sayar da shanu ko goro ba rarrauna ba ne, ganinka da kwalba ba zai sa shi ya sha ba. Abin da zai faru dabam ne: zai rufe kunnensa. Duk abin da za ka faɗa masa game da Yesu daga baya, warin bakinka zai tuna. Bulus a 1 Korantiyawa sura 10 ya ce kada mu zama sanadin tuntuɓe ga Yahudawa, ko Helenawa, ko ikilisiya, wato har da waɗanda suke waje. Wani zai ce, "In haka ne, sai mu bar duk abin da ba sa so? Ai gicciye ma ba sa so." Gaskiya ne. Amma gicciye an umarce mu mu ɗauka, ba mu da ikon ajiye shi don mu faranta wa kowa rai. Kwalba kuwa ba wanda ya umarce mu. Idan za a ƙi mu a Zongo, bari a ƙi mu saboda abin da ba za mu iya bari ba. Ni a ganina Kirista mai zama cikin unguwan nan, musamman mai riƙe da aiki a ikilisiya, bai kamata a gan shi da giya a ƙofar gida ko a bakin hanya ba, kuma ba ya shiga da ita gidan haya da yake tarayya da Musulmi.

Na san abin da samari za su ce: "Wato mu sha a bakin teku, mu dawo Zongo mu yi fuskar waliyyai? Wannan ai munafunci ne." Tambaya ce mai kyau. Tsakanin kara da munafunci akwai tazara, ga kuma yadda za ka gane. Mai kara ba ya cin abinci a gaban mai azumi, amma idan aka tambaye shi ko yana azumi zai ce a'a. Munafuki shi ne wanda zai shafa wa leɓensa toka. Idan maƙwabcinka ya tambaye ka ko kana sha, ka iya duban idonsa ka ce, "Nakan sha kaɗan wani lokaci, addinina bai hana ni ba, amma ba na kawo ta nan saboda girmanka," to, kara ka yi. Idan kuwa sai ka tauna citta da kanumfari kafin ka shigo unguwa, ka rantse ba ka taɓa ba, lamirinka ya riga ya yanke maka shari'a, gama Bulus ya ce abin da mutum ya yi da shakka zunubi ne a gare shi.

Akwai kuma wani abu da yake ci mini rai, wanda ba a cika faɗa a bagade ba. Muna auna giya da mudu biyu. Ma'aikaci mai takalmi ya zauna a wuri mai sanyi ya sha kwalba mai tsada, mu ce wayewa ce, ran Lahadi ma a ba shi kujerar gaba. Gwauruwa ta dafa cukutu ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, a waɗansu ikilisiyoyi a hana ta Jibin Ubangiji, amma baikonta ana karɓa. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya na can suka koma ga dawa da masara. Dawa ɗaya ce a tukunyar matan nan da a injin kamfani. Idan laifi ne, laifi ne a duka biyu. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi mana kashedi a kan girmama mai zoben zinariya da wulakanta matalauci. Ban ce sana'ar cukutu ba ta da lahani ba, na ga gidajen da ta rusa, har da na masu dafawa. Amma ikilisiyar da take so mace ta bar tukunya, sai ta fara tanada mata jari da wata sana'a, ko kunu, ko ƙosai, ko sayar da hatsi, kafin ta kira ta gaban dattawa.

Game da giyar acca kuwa, masu yinta sun ce nufinsu manoman Afirka ta Yamma su sami kasuwa. Mai yiwuwa ne, ba na zarginsu da ƙarya. Amma wanda ya san acca ya san wahalarta. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, surfenta da wankinta yana karya bayan mace. Tana nuna da wuri, shi ya sa take ceton gida a watannin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba. Idan farashinta ya tashi domin ana nemanta a New York, wanda yake da gona babba zai ji daɗi, matar da take saye da mudu za ta koma ga garin rogo. Saurayin da zai ɗaga kofi ya yaba ƙanshinta, ya kamata ya tambayi nawa aka biya wadda ta surfa ta, ya kuma lasafta mudu nawa na acca kuɗin kofin nan zai saya wa mahaifiyarsa a ƙauye.